Motar Kawu da Kwana Goma na Ƙorafi

Abin da zan ba da labari ya faru shekaru kaɗan da suka wuce, amma ba zan iya rantsuwa a kan kowane ƙaramin abu ba. Takardun suna hannuna, sai dai takarda ranaku kawai take riƙewa. Maganganun da aka yi da baki kuwa, na maimaita su a raina sau da yawa, har ban ƙara bambance wanda aka faɗa da wanda ni na gyara daga baya ba. Inda nake da shakka zan faɗa.

Kawuna, yayan mahaifiyata, bakanike ne na manyan motocin da ke jigilar alhazai. A Makka aka haife shi, kamar yadda aka haifi mahaifiyata da ni. Kakanmu ne ya zo daga ƙasar Kano, ya yi aikin Hajji, ya zauna. Garejin Kawu, wanda mu muke kira warsha, yana unguwar Kudai, a bayan layin masu sayar da kayan mota. Rumfa ce ta kwano mai tsawo, da ramin shiga ƙarƙashin mota guda biyu, da wata kujerar bas da aka ciro aka jingine da bango. A kan wannan kujera na yi yawancin karatun jarrabawata ta shekarar ƙarshe a kwalejin shari'a da dokoki, domin gidanmu cike yake da jikoki, warsha kuwa ƙararta iri ɗaya ce, kunne yana sabawa da ita.

A can ƙarshen rumfar akwai wata tsohuwar a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu. Kawu ya ɗauko ta daga filin da ake zubar da matattun motoci, babu inji, babu ƙofa ɗaya. Shekara huɗu, ko kusan haka, ya yi yana gina ta bayan la'asar, idan aikin mutane ya ƙare. Ya gina ta ne don tseren hawan tudun rairayi da wata ƙungiyar masu motoci ke shiryawa duk lokacin sanyi, a sahara can bayan Ɗa'ifa. Mota ɗaya-ɗaya ake saki, ta taso daga ƙasa ta hau tudu mai tsayi, wadda ta kai sama a lokaci mafi gajarta ita ce gaba. Ɗan Kawu na biyu shi zai tuƙa. Tsaranmu ɗaya da shi, kuma taubashina ne, don haka tun muna yara babu ranar da zai gan ni bai taɓa ni da baki ba. Idan na shigo da littattafaina sai ya ɗaga kai daga cikin inji ya ce ga alƙali ya iso, kowa ya gyara zama. Ni kuma in ce masa wanda ya faɗi jarrabawar lasisi sau biyu bai kamata ya yi magana a gaban littafi ba. Sau ɗaya ya faɗi, a gaskiya, amma ni biyu nake cewa.

Kawu ba mai yawan bayyana abin da ke ransa ba ne. Sau ɗaya na ji ya faɗi dalilinsa, muna shan shayi da na'ana'a. Ya ce yana saurayi ya taɓa yi wa wasu aiki a irin wannan tsere, shi ya ɗaura injin da hannunsa, motar ta zo ta ɗaya, aka kira sunan mai mota da na direba da na kamfanin taya, shi yana tsaye a baya da tsumma a kafaɗa. Ya ce bai ji haushi ba, haka abin yake. So yake kawai sau ɗaya a kira sunan warsharsa a lasifika, ko da motar ta zo ta ƙarshe. A lokacin idonsa ya fara raguwa saboda ciwon sukari. Ƙananan noti sai ya lalube su da yatsa. Duk mun sani, shi ma ya sani, cewa ba shekaru da yawa suka rage masa a wannan aikin ba, ko da yake babu wanda yake faɗa.

Da motar ta kammala, sai aka miƙo mini dokokin shiga tseren in karanta, tunda ni ne mai karatun gidan. Na karanta su sau uku. Tsofaffin tawagogi, waɗanda aka fara tseren da su, suna shiga kai tsaye kowace shekara. Sabuwar tawaga kuwa dole ta kawo mota da direba a rana ɗaya tak, a duba motar, direba ya yi hawan gwaji. Wanda bai zo ranar ba babu shi a wannan shekarar. Kwamitin da ke sa ranar kuma wakilan tsofaffin tawagogin ne. Na ga wannan tun farko, raina bai kwanta ba, amma na ce bari a ga ranar tukuna.

Ranar da suka sa ita ce sha ɗaya ga Zulhajji.

Ba na jin mugunta ce ta sa su. Ga mutumin Riyad ko Jidda, wannan hutun babbar Salla ne, kowa yana gida, ofisoshi a rufe, rana ce mai kyau ta fita da mota. Ga mu kuwa ita ce tsakiyar mausimi, wato kwanakin aikin Hajji, lokacin da babu namiji mai lafiya a unguwarmu da yake kwana a gadonsa. Kawu yana cikin motar ɗauki, yana kai-komo tsakanin Arfa da Mina, duk bas ɗin da ta tsaya shi ake kira. Taubashina yana tuƙa ɗaya daga cikin bas ɗin. Ni ina tantunan Mina ina yi wa alhazan ƙasarmu tafinta, ina nuna wa tsofaffi hanyar jifa. Babu mai ba ka izinin rana ɗaya a waɗannan kwanaki, kuma ko an ba ka, kunya ba za ta bar ka ka karɓa ba. Taubashina ya buga wa ofishin ƙungiyar waya tun kafin mausimi, ya yi bayani. Wanda ya ɗauka ya ce masa ranar an riga an sanar, amma a bari bayan Salla a gani. Mun ɗauki wannan a matsayin alkawari. Yanzu na san ba alkawari ba ne, hanyar ajiye waya ce cikin ladabi.

Muka sauko daga Mina kowa da tarin da ake saukowa da shi. Ranar sha biyar ga wata, da hantsi, muna warsha ana wanke kayan aiki, saƙo ya shigo wayar Kawu. Ya miƙo mini kamar yadda ya saba, don ƙananan rubutu sun fi ƙarfin idonsa. Na karanta da ƙarfi, a gaban shi da ɗansa da ma'aikatansa biyu. An ƙi karɓar tawagarmu saboda rashin halartar ranar gwaji. Layin ƙarshe ya ce mai ƙorafi yana da kwana goma ya gabatar da shi a rubuce. Na karanta wannan layin ma. Wannan kam na tabbata.

Kwana uku na yi ina rubuta takardar ƙorafin. Shafi uku ce. Har yau ina ganin ita ce mafi kyawun abin da na taɓa rubutawa, ko da yake mai abu ba ya yi wa abinsa shaida. Na ce sharaɗin da aka ɗora wa sababbi aka ɗauke wa tsofaffi yana buƙatar dalili. Na ce ba daidai ba ne waɗanda za a yi takara da su su zama su ne masu buɗe ƙofa da rufe ta. Na ce ranar da aka zaɓa ta rufe ƙofar ga duk wata tawaga daga Makka da ke aikin hidimar alhazai, ba mu kaɗai ba, kuma hidimar alhazai ba uzuri ba ne da mutum ya ƙirƙiro wa kansa. Ban nemi a shigar da mu kai tsaye ba. Rana ta biyu kawai na nema, a duba motar, a ga hawan direba.

Na kai wa Kawu takardar bayan la'asar, yana zaune a ƙofar warsha. Na karanta masa duka. Ya saurara da ido a rufe, yana gyaɗa kai, har ya ce in maimaita wurin hidimar alhazai. Da na gama na ce saura sa hannunsa, in tura.

Ya ce, "Ka tura wa wa?"

Na ce wa kwamitin, ta hannun shugaban ƙungiyar.

"Mutumin da ban taɓa zuwa gidansa ba? Ban gaishe shi ba, bai ga fuskata ba, farkon abin da zai gani daga gare ni shi ne takardar ƙara? A'a, Malam. Mu ba haka muke yi ba. Za mu je mu gaishe shi, mu faɗa masa da baki. In ya ƙi, to, sai takarda."

Na san wannan tsarin, a cikinsa na tashi. Na ga an warware rigimar haya da ta gado da ta aure da shi, a zaune a kan darduma, ba a rubuta ko harafi ɗaya ba. A wurin mutanenmu na da, kai takarda kafin kai gaisuwa tamkar cewa ne ba ka ɗauki mutum a bakin komai ba. Kuma mutanen da suka daɗe a garin da ba a nan kakanninsu suka fito ba suna da kaffa-kaffa da takarda, ba sa son sunansu ya fara bayyana a ofis a matsayin masu jayayya.

A nan ne ƙwaƙwalwata take rawa. Na san na yi maganar kwanakin. Amma yadda nake tunawa, cewa na yi wataƙila zai fi kyau a tura takardar, ko da za a je gaisuwar, domin akwai yiwuwar su riƙe maganar lokaci, ko da yake ba lalle ba ne su tsananta. Haka nake magana tun ina yaro, ina sa wa kowace jimla ƙofar fita. A jami'a an yaba mini wannan, an ce ba na yanke hukunci da gaggawa. Kawu ya ji ni, ya ce to Allah ya sa alheri, ya tashi ya shiga ciki.

Shugaban ƙungiyar ba ya gari, ya tafi hutu da iyalinsa can duwatsun kudu inda ake sanyi. Muka jira. Kowace safiya ina ƙirga kwanakin a yatsa, ina buɗe baki in yi wa Kawu magana, sai in ga yana fama da wata bas ko yana tari, in ce bari gobe. Mutumin ya dawo a rana ta takwas. Aka sa mana lokaci a rana ta tara, bayan la'asar, a gidansa a Jidda.

Mu uku muka je. Kawu ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya sa aka yi mana tsire wurin mai tsiren unguwarmu, aka naɗe shi da kyau da ƙullin yaji a gefe. Ni na ninke takardar gida huɗu na sa a aljihun ƙirji, da alƙalami. Taubashina ya lura tun a mota. Ya ce ɗan mace, wannan abin da ke aljihunka kar ya fashe mana a gidan mutane. 

Ba zan faɗi aibin mutumin nan ba, don ban ga ko ɗaya ba. Ya tare mu tun daga ƙofa, ya zaunar da Kawu a kusa da shi, shi da kansa ya zuba gahawa. Da ya ga tsiren ya yi dariya, ya ce mahaifinsa ba ya zuwa Makka ya koma bai ci na mutanenmu ba. Ya tambayi Kawu injin, Kawu ya fara bayani, suka shiga maganar da ni ban gane rabinta ba. Na ga fuskar Kawu ta sake kamar yadda ban taɓa gani ba. Taubashina ya nuna masa hoton motar a waya, mutumin ya ƙara girman hoton da yatsu, ya daɗe yana dubawa, ya ce wannan aikin hannu ne na gaske. Sai can Kawu ya kawo maganar ranar gwaji, a hankali, ba tare da zargin kowa ba. Ya ce mu masu hidimar baƙin Allah ne, ranar ta same mu a Mina.

Mutumin ya dafa ƙirji ya ce, "Abshir, ya ammi. Zan yi wa 'yan'uwa magana."

Abshir kalmar Larabci ce da ake faɗa wa mai buƙata don ya kwantar da rai, ya ammi kuma kamar a ce baffana. A daidai nan na kai hannu aljihu. Na riga na shirya abin da zan ce: ga bayanin a rubuce don ya sauƙaƙa masa, ba ƙara ba ce. Yatsuna sun taɓa takardar. Sai na ji hannun Kawu a kan gwiwata. Bai dube ni ba, bai matsa ba, ya dai ajiye hannun a wurin. Ya ce wa mai gidan, "Mu ba mu zo da takarda ba. Maganarka ta ishe mu."

Na mayar da hannuna kan cinyata, na karɓi kofin gahawa na uku.

Washegari ita ce rana ta goma. Akwai adireshin da ake tura ƙorafi ta waya, ba sai an je ko'ina ba, kuma dokar ta yarda wakilin tawaga ya sa hannu, ni kuma an rubuta sunana a matsayin wakili tun farko. Bayan azahar na zauna a inuwar masallacin unguwa, na ɗauki hoton shafukan uku, na rubuta adireshin. Saura in taɓa wuri ɗaya. Na yi tunanin cewa Kawu ya faɗa a gaban mutum cewa ba mu zo da takarda ba, in ta isa yau na mayar da shi maƙaryaci. Na yi tunanin mutumin zai ji an ci amanar gahawarsa, ya janye hannu. Na kuma yi tunanin cewa shugaban ƙungiya ai ya fi ni sanin dokar ƙungiyarsa. Duk waɗannan dalilai ne, kuma har yau ba na ganin na banza ne. Amma ina jin gaskiyar ita ce na ji tsoron fuskar Kawu idan ya ji. Na rufe wayar na tafi cin abinci.

Bayan mako uku amsa ta zo. Shugaban da kansa ya kira Kawu, muryarsa a sanyaye. Ya ce ya yi magana, amma wakilan tawagogi biyu sun ce ba za a tattauna abin da ba a rubuta ba, kuma lokacin rubutawa ya wuce. Ya ce shi ya ɗauka mun riga mun tura takarda kafin mu zo gaisuwa, domin haka kowa yake yi. Ya ba da haƙuri sosai. Shi ne ma ya gaya mana cewa dokar ƙungiyar ta ba da damar kai magana gaban wani mai hukunci daga waje, wanda ba ya cikinsu.

Wannan karon Kawu bai hana ba. Ya sa hannu a inda na nuna masa.

Ana saura kwana biyu zaman, taubashina ya ja ni bayan warsha. Ya daina wasa, wanda ba kasafai ba. Ya ce kwana goman nan daga ranar da aka sani ake ƙirgawa, ko ba haka ba? Na ce haka dokar ta ce. Ya ce to saƙon wayar Baba ya shigo, kowa ya san Baba ba ya ganin rubutu, ga takardar asibiti. Mu ce sai bayan mako biyu aka lura da shi. Ya ce babu wanda za a cuta, ba kujerar wani za mu ƙwace ba, gwaji kawai muke nema. Na ce masa zan duba. Ban ce a'a ba. Ya tafi yana ganin mun daidaita, ni kuma na bar shi a haka.

An yi zaman a wani ƙaramin ɗaki a Jidda, da safe. Mai hukuncin dattijo ne mai tabarau, ya karanta takardata tun kafin mu zo, ya ja layi a wurare. Lauyan ƙungiyar saurayi ne kamar ni, mai ladabi. Bai taɓa hujjata ko ɗaya ba. Abu ɗaya ya ce: ƙorafin ya zo bayan lokaci. Na tashi na yi magana kusan minti ashirin a kan ranar gwaji da hidimar alhazai. Dattijon ya saurara har ƙarshe. Ya ce maganar tana da nauyi. Sannan ya cire tabarau ya ce yana da tambaya ɗaya, kuma ni yake tambaya, tunda ni ne wakili.

"Yaushe kuka san an ƙi ku?"

Taubashina yana hagu da ni, ina jin numfashinsa. Kawu yana dama, ya ɗora hannayensa biyu a kan sanda. Na ga takardar asibitin a gaban taubashina, ya riga ya turo ta kusa da hannuna.

Na ce, "Ranar da saƙon ya zo. Ni na karanta shi da ƙarfi, har layin kwana goman."

Ina jin ita ce jimla ta farko a duk wannan al'amari da na faɗa ba tare da wataƙila ba.

Ya tambaya me ya hana mu rubutawa. Kawu ne ya amsa, ya ce mun je gaisuwa. Dattijon ya ce ya gane, mahaifinsa ma haka zai yi. Hukuncin ya fito bayan mako guda, shafi ɗaya da rabi. An ƙi ƙorafin saboda lokaci, ba a shiga cikin hujjojinsa ba. A ƙasa ya ƙara sakin layi ɗaya, wanda ya ce shawara ce ba umarni ba: ƙungiyar ta sake duba sa ranar gwaji a kwanakin Hajji.

Amma mu tun a ɗakin muka san sakamakon. A hanyar dawowa taubashina ne ke tuƙi. Bai kunna komai ba har muka wuce wurin binciken shiga Makka. Sai ya ce, yana kallon hanya, shekara huɗu Baba yana ƙarƙashin motar nan, kai jimla ɗaya aka nema a wurinka. Bai kira ni alƙali ba, bai kira ni ɗan mace ba, sunana ya kira. Kawu ya ce masa ya isa. Can kuma ya ce, da ya faɗi abin da kake so, ni da zan tashi in ƙaryata shi. Ban sani ba ko da gaske zai yi hakan, ko don ya rufa mini asiri ya faɗa. Ban taɓa tambayarsa ba.

Lokacin sanyi ya zo aka yi tseren. Taubashina ya je kallo shi kaɗai, ya dawo bai ba kowa labari ba. Motar ta zauna a ƙarshen rumfa. Kawu yakan tayar da ita ranar Alhamis, ya bar ta ta yi zafi, ya kashe.

A shekara ta gaba ƙungiyar ta mayar da gwajin zuwa watan Safar, kuma ta sa kwana biyu maimakon ɗaya. Ba zan ce takardata ce ta jawo ba, don ban ga abin da aka tattauna ba. Na ji an ce wata tawaga daga Makka ta shiga a shekarar. Mu ba mu shiga ba. Kafin Safar ya zo an yi wa Kawu aiki a ido ɗaya bai yi kyau ba, likita ya hana shi ƙura da walda. Taubashina ya sami aikin tuƙa tirela a gabashin ƙasar, ya kwashe iyalinsa. Warsha ta koma hannun ɗaya daga cikin ma'aikatan, wanda yake buƙatar wurin, don haka aka ja motar zuwa filin wani abokin Kawu a bayan gari, aka rufe ta da tamfol.

Nakan bi ta Kudai wani lokaci, ko da ba hanyata ba ce. Sabon mai warshar yana karɓata da kyau, yana sa a kawo shayi. Amma bayan la'asar yanzu rufewa ake yi. Babu wanda ke zama don wani aiki da ba na kowa ba, babu mai ɗago kai daga inji ya zolaye ni. Abin da nake kewa ba tseren ba ne, don ban taɓa ganinsa ba. Shekarun nan huɗu nake kewa, lokacin da akwai wani abu a gabanmu, Kawu yana cewa a miƙo masa sifana mai lamba sha huɗu, ɗansa yana miƙa masa sha uku da gangan don ya ji ko yatsunsa za su gane.

Kowane wata biyu ko uku Kawu yakan ce in kai shi filin. Mukan tafi da batir a bayan motata. In ɗaga tamfol, in haɗa wayoyin yadda ya koya mini, in tayar. Ya tsaya a gefe, kansa a karkace, yana saurare. Wani zuwan ya ce akwai iska a bututun mai, wani zuwan ya ce lafiyarta ƙalau. Ba ya shiga ciki. Ni da taubashina mun koma gaisawa, yana kirana ranar Salla, har ya fara ce mini alƙali kuma, amma ba kamar da ba. Wataƙila nisa ne kawai.

Abin da na faɗa a gaban mai hukunci bai taɓa hana ni sukuni ba. Wanda yake damuna shi ne na ƙofar warsha, ranar da na kai wa Kawu takardar. Taubashina ya ce yana kusa, kuma bai ji na ambaci kwana goma ba sam, na dai yi ta kewaye-kewaye. Mahaifiyata ta ce na dawo gida ranar na gaya mata na yi masa bayani sarai. Kawu ya ce bai tuna ba, kuma ko na faɗa da wuya ya saurara. Ina so in yarda da shi, amma na san shi. Mutum ne da in ka ce masa wannan noti zai karye, yakan tsaya ya duba. Da na ce masa, Kawu, in rana ta goma ta wuce an rufe, babu gaisuwar da za ta buɗe, ina jin da ya nemi wata hanya, ko ya ce in tura sannan mu je mu ba mutumin haƙuri.

Ma'aikatansa biyu suna wurin a ranar, da mai shagon taya na kusa, wanda yakan zauna da Kawu bayan la'asar, da wani direba da ya kawo bas, ban riƙe fuskarsa ba. Idan wannan rubutu ya kai ga ɗayanku, ko ga wanda ya zauna a gidan shugaban a Jidda ko ɗakin hukuncin, ina roƙo ya gyara mini duk inda na kauce, ko a rana ko a magana. Musamman wanda ya ji abin da na ce wa Kawu a ƙofar warsha, ya aiko mini da shi yadda ya ji, kar ya tausasa don ni. Gidan mahaifiyata bai canja ba, saƙo yana isowa.